Gamanarki Da Na Hana Wa Taki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi ta Gidan Sori,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima inda kike, na zauna in faɗa miki abin da na kasa faɗa lokacin da kike iya ji. Na san ba ki taɓa karanta takarda ba, ko ta likita ni kike miƙo wa. Wannan ma mutane ne za su karanta, kuma da gangan na bari su gani, don sun daɗe suna yaba mini a kan aikin da ke kika sha wahalarsa.

Maganar gamanarki ce, 'yar gonar nan taki ta kanki da ke gabas da gari, wadda Baba ya yanka miki tun ban yi wayo ba. Bayan rasuwarsa ita ta riƙe ki. Kowace shekara in an kwashe amfani, Baffa Sambo Bafulatani yakan sauka a cikinta da shanunsa, su ci kara, su kwana, su bar miki taki. Ke ki aika masa fura, matarsa ta aiko miki nono. Ban taɓa jin kun yi ciniki ba, kuma ban taɓa ganin rumbunki ya ƙare kafin sabon hatsi ya shigo ba.

Sai ni na gama lakol, makarantar boko, na samu aikin binciken noma, na fara zuwa gida da takalmi sau-ciki ina gyara wa tsofaffi yadda ake shuka. Aka kawo wani furoje, wato shirin gwajin noma, da ya haɗa yankuna uku, mutanen Cadawa ta Agye, da na Gazawa, da mu na Gidan Rumji. Ana so a gane ko ɗan tsunkulen takin zamani a ramin shuka, haɗe da takin gida, zai ƙara hatsi a ƙasa iri-iri. Ni aka ba ɓangarenmu, kuma ni na yi ta kai gwauro ina kai mari har aka sa Gidan Sori a ciki. Masu ba da kuɗin suka kafa sharaɗi: kowane yanki ya yi abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma kowanne ya ware gonar kwatance, wato wadda za a shuka a nome amma ba za a zuba mata komai ba har damina uku, don a riƙa auna sauran da ita.

Gonakin da za a ba taki, rububinsu aka yi. Ta kwatance kuwa babu wanda ya ko kalle ta. Na tuna wani dattijo a ƙofar masallaci da ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Malam Isuhu, mu bar gona da yunwa shekara ukku don a gane mi?” Aka yi dariya, ni ma na yi. Daga buro, ofishinmu na Maradi, kullum sai an kira ni: in ruwa ya sauka ba ni da gonar kwatance, za a cire Gidan Rumji a ci gaba da sauran biyun. Ni kuwa na riga na cika baki a gari.

Kina sheƙe hatsi a tsakar gida na same ki. Na yi ta zagaye-zagaye, na kawo zancen ci gaba, na kawo zancen jikoki, kina ta aikinki ba ki ɗago ba. Ni ne ɗanki na fari, ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa zama kin yi doguwar hira da ni ba. Da na kai ƙarshe kika juya wajen ƙanwata Hadiza, kamar da ita ake maganar, kika ce, “In aikin ɗan lakol na, a ɗauka.” Na fita ina murna. Inna, na san sarai kunyar ɗan fari ba za ta bar ki ki ce mini a'a ba, kuma saboda na san haka ne na zo wajenki ban je wajen wani ba.

Ko sallamar Baffa Sambo ban tsaya na yi ba, ke na bar wa. Hadiza ce ta ba ni labari cewa ya tsaya bakin gona da sandarsa a wuya, ya ce, “Inna Rabi, ni na ji. Shanu ne sun san hanya, ban san mi za ni ce musu ba.” Daga shekarar ya koma sauka wajen Cadakori.

Daminar farko ba a ga wani bambanci sosai ba, ƙasar tana cin tsohon taki. Na ce wa kaina ai ga shi babu abin da ya faru. Ta biyu ƙuduji, ciyawar nan mai tsotse hatsi, ya fito, furensa ya rufe gonar har daga hanya ana hango shi, kika yi ta tuge shi da hannu. Ta uku zangarniyar hatsinki ba ta fi ɗan yatsana kauri ba, kuma amalanke ɗaya ya kwaso damman duka, har da wurin zama ya rage.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne baƙin da nake kawowa. Mu zo da farar mota, in tsayar da su tsakanin gonar da aka ba taki da taki gonar, in nuna nan in nuna can, su yi ta ɗaukar hoto suna jinjina kai. Ƙanjamammen hatsinki shi ne abin alfaharina, don iyakar lalacewarsa iyakar kyan rahotona. Ke kuma ki aiko musu da ruwan sanyi a kwanon sha, ki tsaya nesa da lulluɓinki. Ko sau ɗaya ban ce musu gonar mahaifiyata ce ba.

Na riƙa aiko miki da buhun hatsi daga Maradi, ina ganin na biya. Kikan karɓa ki sa albarka, ki raba wa Hadiza fiye da rabi. Sau ɗaya kawai na ji wani abu ya fito daga bakinki, shi ma da maƙwabciya kike, ina bayan danga: “Hatsin da ban san gonatai ba bai yi mini daɗin hura.” Na yi kamar ban ji ba, na tayar da babur.

Zazzaɓi ya ɗauke ki a ranin da ya biyo bayan girbi na uku. Ba na cewa gona ce ta kashe ki, kwana ne ya ƙare, na yi imani da haka. Amma kin bar duniya rumbunki babu komai sai buhuna, kuma damina ukun da suka rage miki a duniya ni na karɓe su.

Wata biyu bayan sadakar arba'in aka yi taron rufe aiki a Maradi. A nan ne yankunan uku muka fara ganin gonakin juna, a hoto ma, don tun farko an soke kuɗin ziyarar juna, lambobi kawai muke aikawa buro. Madam Zuwaira, mai riƙe da ɓangaren Gazawa, ta nuna tata gonar kwatancen. Inna, wani ɗan fegi ne a kusurwar gonar wani mutum, bai fi tsakar gidanmu ba. Na Cadawa ma haka. Da aka fita shan ruwa na ja ta gefe na ce yaya aka yi aka yarda musu. Ta dube ni da mamaki ta ce, “Ai tambaya muka yi, aka ce ya isa.”

Tambaya suka yi. Ni ban yi ba. Na ji tsoron a ce mutumin Gidan Rumji ya fara neman sauƙi tun ba a je ko'ina ba, na fi so a ce Isuhu ya kawo gona sukutum. Na koma ɗakin taron aka kira sunana aka tafa mini, wai gonar kwatancen Gidan Sori ta fi ta kowa tsabta, lambobinta babu gauraye ko kaɗan.

Saboda wannan tsabtar ce masu kuɗin suka ce za su ƙara shekara uku, kuma gonar nan dai suke so a ci gaba da ita yadda take, tunda tana da tarihi. Ga abin kunyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba: na karɓi takardar amincewa da ƙarin, na sa a jaka, na kama hanyar gida makon jiya da niyyar in roƙi Hadiza, tunda ita ke noma gamanar yanzu, ita da marayunta. Duk abin da na sani bai hana ni ba. Na ma shirya kalmomin da zan faɗa mata a kan hanya.

A gona na same ta tana maimai. Kafin in buɗe baki ta ajiye hauya ta ce in zo in ga wani abu. Ta kai ni iyakarku da Malam Nomau, maƙwabcinki na kudu. Hatsinsa duka matsakaici ne, sai layi uku na bakin iyaka, sun yi baƙi ƙirin don ƙoshi, sun fi sauran tsawo nesa ba kusa ba. Na ce wane taki ya sa a nan. Hadiza ta ce ba shi ya sa ba.

Ta ce duk rani, da an saki dabbobi suna ratsa gonaki, kikan ɗauki kwando da hantsi ki bi gamanarki layi-layi, kina tsince kashin shanu da na awaki, ki kai ki juye a gonar Malam Nomau. Rani uku kina haka, har wanda kika kwanta a cikinsa. Ta ce ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce wa zai sani, kika ce, “Shi ya ce kar komi shi shiga. Ba ni sa ɗan lakol shi rubuta ƙarya.”

Sai a lokacin na tuna. Ranar da muka kafa allo a bakin gonar, ina wasa da ma'aikatana, na ce ko kashin akuya kada ya kwana a nan. Ban ma san kina kusa ba. Na faɗa na manta kafin in kai mota, ke kuwa kika riƙe shi da bayanki mai ciwo.

Na zauna a kan iyakar nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki. Hadiza ba ta rarrashe ni ba, ta koma ta ɗauki hauyarta, kuma ta yi daidai.

Takardar na mayar da ita buro ba sa hannu. Na rubuta musu cewa gonar ta mahaifiyata ce, na faɗi yadda aka yi ta yi tsabta, na ce ta gama nata. In ɗan fegi ya ishe su za a samu, in bai isa ba su cire ni. Har yau ba su amsa ba. Mai yiwuwa su cire Gidan Sori gaba ɗaya, mutanen da suka ga amfanin aikin su ce ni na jawo, kuma ba zan yi musu gardama ba. Ba na faɗa miki wannan don ki ce na kyauta. Abin da ya kamata in yi tun kina da rai ne, na yi shi bayan babu abin da zai ƙara miki.

Inna, ki yafe mini. Na san da kina nan ba za ki dube ni ba, Hadiza za ki kalla ki ce babu komai, kuma wannan ne ya sa ban san yadda zan yafe wa kaina ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya yalwata miki shi. Allah Ya sa kowane kwando da kika ɗauka ki same shi a mizaninki da nauyinsa. Allah Ya dawo wa ƙasar nan da ƙarfinta, jikokinki su ci daga gare ta su ƙoshi. Ni kuma Ya ba ni ikon tambaya kafin in ɗora wa wani kaya. Amin.

Ɗanki mai neman gafararki,
Isuhu