Jan Ƙyalle a Dajinmu Ba Alamar Hanya Ba Ne

Zuwa ga mai girma shugaban ƙungiyar mahaya keke ta ma'aikatan birni, wadda aka ba izinin share turbar shan iska a dajin da ke kudu da Madarunfa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanen ƙungiyarka. Allah ya ƙara girma, ya taya ka riƙo.

Ranka ya daɗe, sunana Ɗan Jimma, manomin gero da gyaɗa, kuma mai ɗaura amya don cin zuma a dajin nan, kamar yadda ubana ya yi. Ƙauyenmu yana bakin dajin, kan hanyar Gabi. Da furfurata na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka in ka ga baƙi ya karkace ka yi mini uzuri. Na je biro ɗinka a Maraɗi, mai gadi ya ce kana taro. Na sake komawa, ya ce ka yi tafiya. Shi ya sa na ba malamin ajinmu takardar nan ya sa ta a jarida, ko Allah zai sa ta iso gare ka kafin Lahadin da kuka sa ta babban hawa, wadda aka ce har da 'yan lakwal, yaran makarantar boko, za a kawo. Tsoro nake ji, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Na farko, kada a ce maka Ɗan Jimma maƙiyin aikinku ne. Ranar da kamyo, babbar motar kaya, ya sauke ma'aikatanku bayan girbin gero, ni na nuna musu inda za su sami ruwa. Gaskiya mun yi dariya da muka ji mutum zai bar hanyar mota mai kyau ya shigo daji ya yi ta fama da rairayi da ƙaya a kan keke, ba kasuwa za shi ba, ba jana'iza ba, wai shan iska. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Matata ta sayar wa mutanenku fura, ni na sayar da zuma, rumfar hutawar da kuka kafa ma mun ji daɗinta. Har yau ba ni da ƙara a kan turbar kanta.

Na biyu, ga abin da ba a gaya maka ba. A tsakiyar dajin nan akwai kufai, wurin wani tsohon gari da ya watse tun zamanin yaƙe-yaƙe. Gidajen sun koma ƙasa, amma rijiyoyinsu suna nan, masu zurfi, wasu da ruwa, wasu busassu. Gamba da yaɗiya sun rufe bakunansu, har mutum ya ɗauka ƙasa ce mai kyau. Tun kakanninmu, mai amya a dajin shi ke da alhakin ɗaura jan ƙyalle a itacen da ya fi kusa da kowace rijiya, ya kuma sabunta shi duk bayan damina. Ubana ya yi, ni ma na gada. Ba albashi a ciki, ba sarauta. A ƙauyukanmu yaro kan san wannan tun kafin a ba shi kiwon akuya: in ka ga ja a daji, ka ja birki, ka koma ta inda ka fito. Masu amalanken jaki na Safo sun sani, makiyaya baƙi ma kwana ɗaya suke yi a gaya musu.

To, da ma'aikatanku suka gama share turba, sai suka bi ta suna ɗaura ƙyalle a itatuwa don mahaya su san inda za su bi. Ja suka ɗaura, ranka ya daɗe, irin nawa sak, kamar daga turmi ɗaya aka yago. Da na gani ban yi wata-wata ba. Na sami wakilinka a rumfa, na durƙusa na yi masa bayani. Bai zage ni ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Dariya ya yi, ya ce, "Tsoho, ja shi ka ganuwa daga nesa, kuma shi anka ce mu ɗamra. Ka bar tada hankalinka, mutanenmu duk masu ilimi na." Na ce masa rijiya ba ta tambayar ilimin mutum. Ya ba ni goro, ya sallame ni.

Na uku, abin da na ji wa tsoro bai daɗe ba ya faru. Wata Lahadi da hantsi ina kan wata kanya ina duba amya, sai 'yan ƙungiyarka suka wuce suna gwada turbar. Akwai wani mushe matashi mai koyarwa a lakwal ɗin birni, ya rage a baya. Da ya iso inda turba ta yi kwana, ya ɗaga kai, ya hangi ja a cikin ciyawa, can gefe. Nawa ne, na bakin rijiyar gindin tsamiya. Ina kallo ya karkata kan kekensa ya nufe shi, yana ƙara takawa don ya cim ma abokansa. Na yi ihu har muryata ta dushe. Ya ɗaga mini hannu, yana tsammani gaisuwa ce.

Ban san yadda na sauko daga kanyar nan ba. Na iske ciyawa ta burma, keke ya faɗa rijiya, shi kuwa yana reto, ya rungume saiwar tsamiya, ƙafarsa ɗaya ta karye. Sai da na daɗe a tsaye kafin na ji ƙarar ƙarfe ta daina amsawa daga ƙasa, ko kuwa kunnena ne ya riƙe ta. Da igiyar da nake hawa itace na jawo shi. Yana kwance, abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Baba, ja na gani. Ce muna anka yi mu bi ja." Yaron nan ba shi da laifi, abin da aka gaya masa ya yi. Tun ranar nan, in na ɗauki lomar tuwo sai in ga hannunsa yana ɗago mini, abincin ya fita raina.

Na huɗu, na ɗauka wannan zai sa a sake launi. Sai ga wakilinka ya zo ƙofar gidana da wani gardi mai kakin hukuma, a gaban matata da maƙwabta. Ya ce ƙyallena ne ya ɓatar da mushe, kuma in aka sake ganin na ɗaura wani, gidan kaso zan kwana. Ni talaka ne, ban taɓa tsayawa gaban hukuma ba. Washegari ya sa ma'aikata suka shiga daji suka kwance duk wani jan da ba a kan turbarku yake ba. Na ga ƙyallayena da idona a rumfa, an tara su ana goge sarƙar keke da su. Yau ɗin nan da nake rubutu, babu rijiya ko ɗaya a dajin nan mai jar alama. Abin da ke da alama shi ne turba, wadda ba ta taɓa cin kowa ba.

Na biyar, kuma shi ne ya hana ni sakat. Za ka ce ai Ɗan Jimma ya san wuraren, sai ya nuna. Ni ma haka na zata. Na ɗauki doguwar gora na shiga ina caccakar ƙasa kafin kowane taku, kamar mai neman gyaɗar da ta maƙale. Na gano wasu, na jibga musu ƙaya a baki. Amma ashe da itatuwa na san su, da kalgo kaza da marke kaza, kuma da yawa cikin itatuwan nan an sare su wajen faɗaɗa turba da yin rumfa. Dajin da na girma a cikinsa ya sake mini fuska. Akwai wata rijiya da muke kira Makauniya, don bakinta ƙanƙane ne, bai fi faifai biyu ba, ciki kuwa faɗi kamar ɗaki. A zamanin ubana ta haɗiye sa sukutum. Na neme ta har ƙafafuna sun kumbura, ban same ta ba. Abin da na tabbata kawai shi ne tana wani wuri tsakanin turbarku da 'yar hanyar da mata ke bi zuwa itace.

'Yata Tsahara na cikin matan nan, da goyo a bayanta. Na tare ta na ce ta daina shiga dajin. Ta ce to da me za ta dafa tuwo? Sannan ta faɗi maganar da ta fi ta wakilinka ba ni tsoro. Ta ce, "Baba, ai yanzu jan ƙyalle ba komi ba na, ko'ina ga shi nan. Mu ma ta turbar nan muke bi, ta hi daɗin tahiya." Ka ji, ranka ya daɗe. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mu tsummanmu ne ke sa a gudu tun kafin a yi saran, ga shi an kashe masa kwarjini cikin 'yan makonni. Ko yau na mayar da ƙyallayena, matanmu sun saba wucewa ta gindin ja suna hira, baƙinku kuma an koya musu su nufe shi.

Saboda haka ina roƙonka, don Allah, don darajar iyayenka.

Ka ɗage babban hawan nan. Yara ba sa tsayawa kan turba. Wani zai sauka ya yi fitsari, wani zai hangi kanya ta nuna, wani zai yanke hanya don ya riga abokinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada a bari sai an taru sannan a fara tambaya ina rijiyoyin suke.

Ka sa a kwance jajayen ƙyallayenku duka, a ɗaura fari ko shuɗi, ko a shafa farar ƙasa a gindin itatuwa. Duk launin da kuke so naku ne, ja kaɗai muke roƙo a bar mana.

Ka janye maganar kaso da ke kaina, a bar ni in ɗaura alamata ba da ɓoyo ba. Ka ba ni ma'aikatanka na 'yan kwanaki, mu jeru da goruna mu tankaɗe ciyawar nan har mu gano Makauniya, mu rufe ta da sauran 'yan'uwanta da gungume. Mutanen ƙauyenmu sun ce za su fito, amma suna tsoron gardi. Sannan a sa mai shela ya zaga kasuwannin Madarunfa da Gabi da Safo da Sarkin Yamma, ya faɗa da babbar murya cewa ja a daji har yanzu mutuwa ce.

Ban nemi a biya ni komai ba, ban kuma nemi a hukunta wakilinka ba, rashin sani ne ya kai shi. Allah ya ba mushe lafiyar ƙafarsa. Allah ya tsare ka da zuriyarka daga abin da ido bai gani ba, ya sa kada wata uwa ta taɓa tsayawa ƙofar biro ɗinka tana tambayar ɗanta.

In takardar nan ba ta iso gare ka ba, ko ta iso ba ta yi amfani ba, ranar Lahadi za ku same ni a cikin dajin, tsaye a bakin rijiyar da ta fi kusa da turba, ina ɗaga wa yara hannu su koma. Gardi ya zo ya tafi da ni in ya so, amma ya bari sai an watse. Sai dai ka sani, ranka ya daɗe, rijiya ɗaya kaɗai zan iya tsarewa da jikina, kuma ba Makauniya ba ce, don ban san inda zan tsaya mata ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ɗan Jimma mai amya, daga bakin dajin Madarunfa.