Wuƙar da Soja Yake Wasawa

Zuwa ga maigidana marar cefane,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da karatun da ya hana ka leƙo tsohuwar matarka. Ni lafiya lau, sai gwiwa.

Ga kacicin da babanka ya yi mini na kasa, tunda an ce kai ne mai ilimin gidan: wace wuƙa ce ake wasa ta wata guda, amma ba ta iya yanka ko zare ita kaɗai?

Babanka Soja ya buɗe rumfar washi a bakin layinmu. Wuƙaƙe, aska, almakashi, duk yana wasawa. Ka san tun da ya ajiye kaki bai zauna wurin aiki wata uku ba. Na ƙarshe shagon Tela ne, inda yake guga. Ranar nan taya ta fashe a titi, ya faɗa ƙarƙashin tebur, Tela ya yi dariya, shi kuwa ya yi jifa da abin da ya samu a hannu ya fice. Shekara biyu ke nan ko gaisawa ba sa yi.

To, jiya ina kakkaɓe masa katifa na ga ƙarfe dogo naɗe a tsumma, baki ɗaya gare shi, mai tsini. Na mutane a inji yake wasawa, wannan kuwa a dutse, da ruwa, a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Kuma kullum da hantsi sai ya rufe rumfa ya je ya tsaya tsallaken shagon Tela yana kallo. Hankalina bai kwanta ba. In ya taɓa mutumin nan, rumfa ta tafi, shi ma ya tafi.

Ka gaida malamanka.

Kakarka

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya ƙwauron rubutu? Layi biyu ka aiko, wai in tambaye shi. Na tambaya mana! Ya ce amanar wani ce. Amanar wa ake gwada wa kaifi a gashin hannu?

Na ɓoye wuƙar a buhun gawayi. Ko minti goma bai yi ba ya zaro ta, ya goge. Na manta aikinsu ne a soja neman abin da aka binne. Shekaranjiya kuma na gan shi yana goge wata 'yar ƙusa da magagari, yana aunawa, yana sakewa. Ya wanke riga, ya yi aski. Mutumin da sai na yi masifa yake aski! Gobe ƙafata ƙafarsa.

Ka yi mana addu'a.

Kakarka

Mijina,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Ka zauna kafin ka karanta, kada ka faɗi don dariya.

Na bi shi da sandata, ina laɓewa bayan motoci. Sau biyu yana tsayawa, ashe jirana yake in tsallaka titi. Yana shiga shagon ya warware tsumma, ni kuwa na kurma ihu Tela ya gudu. Ba wanda ya gudu. Tela ya daɗe yana kallon ƙarfen, sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da irinsa sak, duk tsatsa. Na mahaifin Tela ne, da shi aka koya masa yanka, shi babanka ya maka da bango ranar nan ya rabu biyu, ashe ya tsinci ɓari ɗaya ya tafi da shi. Inji yana ƙona tsohon ƙarfe, shi ya sa babanka ya bi inda bakin ya ɓalle da dutse.

Babanka ya ce ya yi kuskure. Tela ya ce dariyar da ya yi masa ce ta fi muni. Nan take babanka ya wasa ɗayan, ya haɗa su, ya ɗaura ƙusa. Da aka zo gwaji, Tela ya ce tunda ni na tara musu jama'a, a gwada a gefen mayafina. Ya tafi sumul, ja'irai. Yanzu duk telolin layin rumfarsa suke kai washi.

Sabon mayafi yana wuyanka, tunda kai ne miji.

Kakarka

Af, amsar kacicin da muka kasa: ɓarin almakashi ne.