Lamba Arba'in da Ɗaya

Kalaba, 3 ga Yuni

Effiom maigidana,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya aiki a Malabo? Nan lafiya, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa.

Ka ce in daina kukan kaɗaici tunda ina cikin mutane. Waɗanne mutane? Aikina shi ne gano ƙwayoyin gadon da ke farke a jikin funfunar nan mai kawo sanƙarau, lokacin da take cikin mutum. Saƙon da suke aikawa ba ya jure komai, ɗigon yawu ya isa ya lalata shi. Wuni nake da takunkumi, baki a rufe, in koma gida in tarar da kujerarka.

Amma na yi aboki. Ana kawo mini ruwan ƙashin bayan majinyata cikin ƙanƙara, babu suna sai lamba, kuma an hana mu tambaya. Na arba'in da ɗaya ya zo sau uku, maƙil da funfuna. Irinsa ba su cika kai sati biyu da rai ba. Ko mace ce ko namiji ban sani ba, amma ina sa shi a addu'a a coci. Kar ka yi dariya.

Taka,
Nkoyo

Kalaba, 14 ga Yuni

Effiom,

Ina fata kana lafiya. Na yi abin kunya. Ran da mai lamba arba'in da ɗaya ya cika kwana sha huɗu a asibiti kwalbarsa ta iso, wato yana da rai. Don murna na sauke takunkumi, na yi wa buɗaɗɗiyar kwalba sannu. Sakamako ya fito, babu saƙon funfuna ko ɗaya. An soke bawan Allah da allura a baya, ni kuma na ɓata abin da bakina. Kwana biyu miyarmu ta ganyen afang ma ta ƙi shiga.

Na je na faɗa wa shugabarmu, Dakta Ekanem. Ta duba takardar ta ce, "Sarkin surutu, ga saƙon jikin mutumin nan lafiya lau. Da yawunki ne, ai da duka ya cinye. Funfunar ce ta mutu."

An sallame shi, kwalbarsa ba za ta sake zuwa ba. Na yi murna, Allah ya sani. Amma yau da nake jera kwalabe, sai na ga hannuna ya bar gurbi tsakanin arba'in da arba'in da biyu.

Yaushe za ka zo?

Matarka mai kewarka,
Nkoyo