Malamata ta ce sai na ambaci sunan ɗan farina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, muryata na turo miki, ki rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini magana, ki kuma ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyun nan na kasa zama wuri ɗaya.

Ni dattijuwa ce a Barkin Sale, ban taɓa shiga aji ba. Babban ɗana yana aiki a dam ɗin Zungeru, in ya turo saƙo a waya maƙwabciyata ke karanta mini. To ni ina da lura, idonta yana daɗewa kan wayar fiye da abin da bakinta ke faɗa, kuma kafin la'asar maganar gidana ta kai bakin famfo. Shi ya sa da na ji ana koya wa manya karatu kyauta, kowa da malaminsa, har gida, na sa aka rubuta ni.

Aka turo mini wata Rahila, 'yar Garatu, sa'ar jikata, Hausarta ma wani lokacin "ka" take ce mini. Amma tana da haƙuri, ba zan ci haƙƙinta ba. Dokarta ɗaya ce, duk abin da hannu ya rubuta sai baki ya faɗa da ƙarfi. Mun rubuta gishiri, mun rubuta shinkafa, muka zo kan sunayen cikin wayata, har muka iso kan na babban ɗana. Na rubuta shi daidai, ta tafa, ta ce in karanta. Ni kuwa tun da na haife shi sunan nan bai taɓa fita bakina ba, ɗan fari ne, kuma sunan surukina ya ci. Na ce mata Babba, yadda nake kiransa. Ta ce ba haka aka rubuta ba. Ta ɗauka mantawa na yi, ta shiga maimaita sunan a tsakar gidana, wai in bi bayanta. Na ce ta kwashe allinta ta fita, ba a yi yarinyar da za ta sa ni rashin kunya ba. Ta fita tana hawaye, tana cewa ba ta san laifinta ba.

Yanzu masu shirin sun aiko, wai mutane na jira, in ban ci gaba a satin nan ba, za su ba wata gurbina. Jiya Rahila ta turo saƙo, ban kai wa kowa ba, na zauna ina haɗa baƙaƙen da kaina har na fitar da "Mama yi haƙuri". Shi ne abu na farko da na taɓa karantawa ni kaɗai. A ƙasansa ga saƙon Babba, dogo, ya fi ƙarfina, na kuma rantse maƙwabciya ba za ta gani ba.

To ku faɗa mini, in zaunar da yarinyar nan in yi mata bayanin kunyar da ni ba a taɓa yi mini bayaninta ba? In kuma ta ce doka doka ce, in buɗe baki in faɗi sunan, ko in bar saƙon ɗana a rufe?