Ki Zo Ki Yi wa Likita Bayanin Ɗanki

Sharaɗa, Kano.

Zuwa ga ƙanwata Rakiya a Maiduguri.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Abdullahi da yara. Malam Tijjani na bakin gidan waya ne ke rubutawa, amma magana tawa ce, na hana shi gyara ko ɗaya. Mu nan sai godiya. Tun rasuwar matata Ladidi gidan ya yi mini faɗi. Gonar Baba da aka karɓe aka dasa kamfani a kai, jiniyarsa nake sha safe da yamma, har yau ba wanda ya zo ya ce mini sannu. Ke ma Sallah ta wuce ko goro ba ki aiko ba. To, na bar wannan.

Maganar ɗanki ce. Kin san tun da ciwon nan ya raba shi da aikin fata a Challawa yake jin muryoyin da ba mai ji sai shi. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi. Bara likitoci suka ce an ba su ɗan kuɗi su gwada wata hanya a kan mutane kaɗan: allura wata-wata maimakon ƙwayoyin da yake zubarwa a rariya, kuma wani na gida ya riƙa zuwa yana faɗin halin da mara lafiya ke ciki. Allurar kuwa ta karɓe shi.

Sai dai likitan, yaro ne da na haifi kamarsa, zai zaunar da ni gaban ma'aikata mata, ya ce in faɗi sunan yaron, in zayyana abin da yake yi a gida. Ɗan farina fa, Rakiya. Tun da aka haife shi sunansa bai fita daga bakina ba, yadda Baba bai kira na Yaya Mamman ba har ya koma ga Allah. Duk tambayar da ya yi, na ce lafiya lau, kamar yadda duk mai kunya zai ce. Yanzu wai masu ba da kuɗin za su zo bayan Mauludi su ga waɗanda maganin ya yi wa amfani, da su kaɗai za a ci gaba. Likita ya ce tun ranar farko lafiya lau nake cewa, don haka babu shaidar an samu sauyi, za a cire yaron. Likitan nan Bahaushe ne fa, uwarsa ta san abin da nake nufi. Wai kuma ni ne mai taurin kai.

Ke kika ɗauke shi tun yaye, bakinki ba a ɗaure yake ba. Ki gaya musu da can tsumma yake cusawa a kunne, yana faɗa da bango, yana ƙin tuwona wai na sa masa guba. Yanzu yana wanka da kansa. Ran nan ya cika butata ya ajiye mini a zaure. Da ita na yi alwala. In aka yanke allurar nan zai koma yadda yake, kuma shi kaɗai ya rage mini a gidan.

Ki gaida Malam Abdullahi, da Atika, da jaririya Fanna, kishiyar kakarta, in ta fara gane mutane. Ki shigo mota kafin watan ya kama. Zan raka ki har ƙofar likita, ki shiga ki faɗa musu komai, ni in jira a waje.

Yayanki,
Isyaku.