Idwal Ya Shiga Ganuwa

Litinin, 3 ga Maris
An kawo tokar Idwal daga wurin ƙona gawa. Mijina guda, mai cika ƙofa, yau ga shi a ɗan tulu kan teburin kicin. Wasiyyarsa ɗaya ce: a binne shi cikin Ganuwa, zagayen tudun ƙasar nan na gonarmu, inda masu kora shanu daga Wales zuwa Ingila suke kwana da garkensu a zamanin kakannin kakanninsa. Na ce masa to. Ni Nesta ban taɓa cewa to na fasa ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Siwan ta hukumar kayan tarihi ta zo ta'aziyya. Ina faɗa mata wasiyyar, sai ta ajiye kofin shayinta. Wai, "Misis Prosser, ko bakin shebur doka ta hana a kafa a wurin." Ni za a karanta wa doka! Wa ya fatattaki masu haƙar tsoffin tsabobi da sanda? Wa ya hana Gethin, ɗan cikina, faɗaɗa mashigar saboda tarakta? Maƙwabta duk sun nome nasu. Tamu ce kaɗai a tsaye, kore shar.

Asabar, 8 ga Maris
Gethin wai, "Mam, ki tona kawai mana, wa zai gani?" Na ce, "Ubanka." Duk da haka na ɗauki shebur har mashigar. Hannuna ya ƙi. Haushi kamar in fashe.

Talata, 11 ga Maris
Ruwa. Idwal na kan tebur har yanzu. Na yi masa faɗa.

Juma'a, 14 ga Maris
Siwan ta dawo, wai duba ɓarnar zomaye. Ta tsaya kan wani tsohon raminsu da suka ƙaurace wa. "Wannan a cike shi kafin ya zabtare. Tonawa aka hana. Ramin da zomo ya riga ya tona kuwa, cikewa aikinki ne." Tana magana tana kallon tumaki, ba ni ba. Kai, yarinyar nan!

Lahadi, 16 ga Maris
Bayan coci, ni da Gethin. Na durƙusa, na zura hannu har kafaɗa, na juye Idwal. Muka bi da ƙasar lambu, muka rufe da ciyawa. Gethin yana kuka yana dariya: "Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana harbin zomaye, yau shi ne a ɗakinsu." Na cika alkawari, ban taɓa ko ƙwayar ƙasar Ganuwa ba. A nuna min wadda ta yi haka a kwarin nan.

Laraba, 2 ga Afrilu
Ciyawar ta kama. Siwan na son kawo 'yan makaranta, abin da ni da Idwal ba mu taɓa yarda da shi ba. Na cire kwaɗon ƙofar gonar, dama ya yi tsatsa. Na gasa burodin zabibi. Ba don su ba. Idwal ne dai bai iya zaman shiru ba, gara su ɗebe masa kewa.