Man Nicodemus Yana Cikin Tankina

Zuwa ga Bappa Zubair, mai filin shawarwari.

Bappa, don Allah ka taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana, domin wanda na saba gaya wa komai shi ne na yi wa laifin.

Ni direban tasi ne. Shekara goma sha shida ina jigila tsakanin Jimeta da cikin garin Yola. Motar tawa ce, ta tsufa amma tana tashi. Tun da keke Napep ya cika gari fasinja suka ragu, mu da muka saura a kan hanyar ba mu da yawa, kowa ya san kowa. A cikinmu akwai Nicodemus, mutumin Demsa. Tare muka fara aikin. Ba ya kirana da sunana sai Sobajo, wato aboki, wai iyakar Fulatancinsa ke nan kuma ya ishe shi. A kwano ɗaya muke cin tuwo wajen Hilda mai abinci. Tabarmata ta salla da butata a bayan motarsa suke zama, saboda bayan tawa ba ya kulluwa, har an taɓa ɗauke mini buta biyu.

Ka san halin da ake ciki na mai. Mu da man shi ne abincinmu, mu ne a ƙarshen layi. Mai motar gida tankinsa rabi, ya ji an ce mai zai ƙare, sai ya zo ya shiga gabanka da jarka uku a baya. In ka sayi na 'yan bumburutu a bakin titi, ka yini kana aiki dominsu, wani lokacin ma an gauraya shi da kananzir. Saboda haka layi muke bi, kwana uku, kwana huɗu, cikin wannan ranar ta Yola da ƙarfen mota ba ya taɓuwa.

Mu direbobi muna da tsarinmu a layi. Ba a kunna mota, turawa ake yi. Ranar Juma'a mu Musulmi mu bar makullanmu a hannun 'yan'uwanmu Kirista mu tafi masallaci, in layi ya motsa su tura mana. Ranar Lahadi su bar mana nasu su tafi coci. Dole a bar makulli, in babu shi sitiyari kullewa yake yi. Kuɗin man kuma yana cikin mota, in an kai famfo a zuba wa mai ita. Ba wanda ya rubuta wannan doka, kuma ban taɓa jin wanda ya karya ta ba sai ni.

Mun shiga layin wani gidan mai a kan hanyar Numan ranar Alhamis, motar Nicodemus a gaba, tawa a bayanta. Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na same shi rigarsa ta jiƙe sharkaf, shi kaɗai ya tura motocin biyu. Ya yi ta yi mini tsiya, wai motata ta fi ni taurin kai. Ranar Lahadi da safe ya sa fararen kayansa, ya damƙa mini makulli ya tafi.

Wajen ƙarfe goma aka buɗe gidan man ba zato. Na kira Nicodemus sau ɗaya, wayarsa a kashe, kamar yadda yake yi in yana coci. Da farko na yi abin da ya kamata. In tura tasa, in dawo da gudu in tura tawa. Har muka iso bakin ƙofa, saura mota biyar ko shida. Sai wani ya ɗaga murya ya ce famfo ya fara shan iska, man ya kusa ƙarewa. Bappa, ban taɓa ganin mutane sun rikice haka ba. Layi ɗaya ya zama uku. Masu jarka suka kutso ta ko'ina, motocin gida suka shigo ta ƙofar fita. A cikin turereniyar nan tayar motar Nicodemus ta gaba ta faɗa bakin kwata. Na gwada sau biyu ta ƙi fita. Ba wanda ya tsaya ya kama mini.

Akwai ɗan digon mai da nake ajiyewa a tankina saboda larura. Na shiga motata na kunna, na kewaye tasa. Aka cika mini tanki. Wanda ke bayana ya samu kaɗan, daga nan famfo ya tsaya. Ka ga ke nan man da ke cikin tankina na Nicodemus ne, shi ne a gabana.

Da na fita ta ɗaya ƙofar ban tsaya ba. Ban san me ya sa ba. Sai da na kai unguwar Doubeli na ji makullinsa a aljihuna. Na ce in juya, na kasa. Na zo gida Gwadabawa na kashe waya. Washegari da sassafe na kai wa Hilda makullin na ce ta ba shi. Ita ta gaya mini ya dawo daga coci ya sami motarsa a karkace, an ciccibi bayanta an kawar da ita gefe, sitiyari a kulle. A nan ya tsaya har yamma cikin fararen kayansa, yana cewa mutane su yi haƙuri, Sobajo zai dawo yanzu, wataƙila fasinja ya samu. Hilda ba ta zage ni ba. Ta karɓi makullin ta ci gaba da kwashe tuwonta.

Yau kwana goma sha ɗaya. Motar tana ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida, tanki cike, ban kunna ta ba. In na sa makulli sai in ji kamar sata zan yi. Ban je tasha ba, ban je wajen Hilda ba. Matata Sabuwa da yara suna Namtari wajen gyaran gona, ni kaɗai ne a gidan. In ta kira sai in ce mata layi nake. Garin kwaki nake jiƙawa in sha a tsaye. Ban san haka gida yake da shiru da rana ba, domin shekara goma sha shida ban taɓa yini a cikinsa ba. Na kunna waya tun kwana na uku, ba wanda ya kira daga tasha, ko don ya zage ni.

Abin da ya sa na rubuto maka shi ne, ranar Alhamis da ta wuce na dawo daga sallar azahar na sami tabarmata a ƙofar ɗaki, an naɗe ta an ɗaure da igiya, butata a gefe cike da ruwa. Maƙwabciyata ta ce wani dogon mutum ne ya kawo, a ƙafa ya zo, bai bar sallahu ba. An ce motarsa tana wani layin a Jambutu har yanzu.

Bappa, mene ne ma'anar wannan? Ya sallame ni ke nan? In je ko kada in je? In na je da man, kada ya ɗauka sayen bakinsa na zo yi. In na je hannu biyu, da wane ido zan dube shi? Ka sakaya sunana, ko da yake duk wanda ke tasharmu ya san ko ni wane ne.

Mai Tasi, Gwadabawa, Jimeta.

Amsa

Malam Mai Tasi, sannu da zaman gida. Bari in fara da taya ka murna: kai ne mai tasi ɗaya tilo a jihar Adamawa da tankinsa ke cike kuma ba ya aiki. Ni da na yi tafiyar ƙafa daga Karewa zuwa ofis shekaranjiya, da na san da darbejiyar nan da a ƙarƙashinta ka same ni.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na ga laifi biyu a cikinta, ba ɗaya ba. Kai ka haɗa su wuri guda, ka zauna kana kuka a kan ƙaramin.

Na farko shi ne kewaye motar. Wannan tsoro ne. Kwana huɗu a rana, yara suna jiran abinci, wani ya yi ihu cewa mai ya ƙare. Na ga manyan ma'aikata masu furfura suna kokawa a kan bakin famfo, na ga malamin da ya koya mini tarihi ya shiga layi da jarkar da ya juye man gyaɗan matarsa daga ciki. Ba kai ka ɓoye man ba, ba kai ka ruguza layin ba, ba kai ka haƙa kwatar ba. Nicodemus direba ne, ya san yadda ƙofar gidan mai take in hankalin mutane ya tashi. Da ka fito ka faka a gefen titi ka jira shi, da kafin la'asar kun raba man da tiyo, da yanzu labarin ya zama abin tsiya a wajen Hilda.

Na biyun shi ne babba. Ka tafi da makullinsa, ka kashe waya, ka bar shi yana ba mutane haƙuri a madadinka. Sa'an nan ka aiki mai tuwo ta yi maka abin da bakinka ya kamata ya yi. Wannan ba famfo ne ya sa ka ba. Kunya ce, kuma irin kunyar da ta fi damuwa da fuskar mai ita fiye da halin wanda aka cuta. Ka kuma tuna ba amanar mutum ɗaya ka taɓa ba. Wannan tsari naku na Juma'a da Lahadi ya fi yawancin takardun zaman lafiya da na karanta amfani, kuma na karanta da yawa, wasu har da hotunan waɗanda suka sa hannu. Tsarin yana tsaye ne a kan cewa ba wanda ke tunani sau biyu kafin ya miƙa makullinsa. Shirun da 'yan tasharku suka yi maka, jira suke su gani ko za ka gyara.

Ajiye man da kake yi kuwa ba tuba ba ne. Nicodemus bai ƙaru da ko cokali ɗaya ba, yaranka ba su ƙaru ba, kai ma garin kwaki kake sha. Man yana nan yana bin iska a banza.

Ka tambaye ni ma'anar tabarma da buta. Ban san Nicodemus ba, kuma ba ni da ilimin duba. Yana yiwuwa ya share bayan motarsa ne daga kayanka. Amma wanda ya gama da kai yakan ba Hilda kayan, kamar yadda wani da na sani ya yi da makulli. Wannan ya tako a ƙafa daga Jambutu cikin zafin azahar, ranar jajibirin Juma'a, ya kuma tsaya ya cika butar da ruwa. Ina ganin yana fushi, kuma yana so ka san ya san hanyar gidanka.

Ga abin da za ka yi. Yau ka kira Sabuwa ka gaya mata gaskiya, ka daina ce mata layi kake. Ranar Lahadi da safe, kafin lokacin coci, ka kunna motar nan ka tafi Jambutu. Kada ka ja shi gefe. A gaban mutane ya tsaya yana jiranka, a gabansu za ka yi magana. Kada ka ce a yi haƙuri da abin da ya faru, kamar ruwan sama ne ya yi ɓarna. Ka ce na kewaye motarka, na sha manka, na gudu da makullinka, na ji tsoron dawowa. Daga nan ka yi shiru. In ya yi faɗa ka saurara, haƙƙinsa ne.

Sai bayan wannan maganar mai ta zo. Ba sayen baki ba ne mutum ya mayar da abin da ba nasa ba. Ka tafi da tiyo da jarka, ka bar shi ya faɗi yawan da za a zuƙa, ko da duka ne. Ku matsa nesa da layin kafin ku fara, ku kuma kori masu sigari.

Kada ka roƙe shi makulli. Wataƙila a daɗe bai sake ba ka ba, kuma ba ka da bakin ƙorafi. Abin da za ka tafi da shi, bayan tiyo, shi ne tabarmar da butar. In kun gama magana ka ɗauko su ka tsaya a bayan motarsa. In ya buɗe maka ka ajiye, ka sami amsar tambayarka, ba sai ka sake rubuto mini ba. In bai buɗe ba, ka mayar da su motarka, ka dawo ka sa kafaɗa a bayan tasa. Turawa ba ta buƙatar izini, kuma layin Jambutu yana da tsawo.

Allah Ya huci zuciyarsa, Ya sauƙaƙa maka bakinka, Ya kawo mana ƙarshen wannan layi. Ka gaida Hilda.

Bappa Zubair